Goron Da Baba Ya Mayar

Ranar Talata Baba ya mayar wa Hammadi da goron neman aurena. Ranar Juma'a da la'asar kuma mata suka cika gidanmu suna yi mana barka.

Ina cikin butik, wato shagonmu, ina auna wa wata mata shinkafa na jiyo guɗa daga cikin gida. Gidanmu na unguwar Awendjé a Libreville na katako ne, butik a gaba, ɗakuna a baya, ko tari aka yi a ciki sai an ji a waje. Na ajiye kwanon awo na leƙa. Hawaou ce, maƙwabciyarmu 'yar Marwa, da wasu mata huɗu a bayanta.

"Ƙulu, ashe haka kike?" ta ce wa Inna tana dariya. "A ba da 'yarki mu ji a bakin mazajenmu?"

Inna ta tsaya da muciya a hannu. "Wace 'yar aka bayar?"

"'Ya'ya nawa gare ki ban da Raliya?"

Hawaou ta kwance bakin mayafinta. Farin goro ne babba, da alewa biyu masu jar takarda. Na san alewar. Ni na gaya wa Hammadi irin wadda zai saya.

"A masallacin Juma'a aka raba," in ji Hawaou. "Goron Hammadi, da sunan Alhaji Maitama. Kowa ya samu, har 'yan Mali da 'yan Senegal."

Hammadi makanike ne a wani garaji a unguwar Oloumi, ɗan Garwa, maraya, ba shi da kowa a Libreville sai wani dattijo ɗan garinsu, Malam Aliou. Shekara biyu muna tare. Baba bai taɓa yi mini dole ba, bai kuma yi niyya ba. Ya dai ce ba zai ɗauki 'yarsa tilo ya ba mutumin da ba a san gidansu ba, mai kwana da baƙin mai a farce, a lokacin da kuɗin fetur ya sa kowane saurayi mai wayo ya zama ɗan kwangila. Wanda ransa ke so shi ne Abdulgani, ɗan Kano kamar mu, mai kai siminti wuraren gine-ginen da suka cika gari saboda taron shugabannin Afirka da ke tafe.

Da Malam Aliou ya kawo goron, Baba ko ganyen da aka rufe shi da shi bai ɗaga ba. Ya ce a mayar.

Yanzu ga shi a bakin mutanen gari.

Muryar Baba ta fito daga ɗaki. Sati uku ke nan ƙafarsa ta kumbura, ko masallaci ba ya zuwa.

"Ƙulu. Sallami baƙinki. Ki turo min Uwata."

Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka. Ban taɓa jin sunan ya fito bakinsa da sanyi irin na ranar ba.

Na durƙusa a bakin ƙofa. Bai dube ni ba.

"Da saninki?"

"Wallahi Baba ban sani ba."

"Na ce a'a a cikin ɗakina, shi ya je ya ce i a gaban jama'a. Yanzu in na musa, a ce Maitama ya ba da 'ya ya janye. In na yi shiru, yaron garaji ya ɗaure ni da igiyata. Wannan ne mai hankalin da kike yi wa kuka?"

"Ba halinsa ba ne, Baba. Ka kira shi ka ji."

"Ke kika san halinsa, ni ban san mutane ba ko?"

Hawaye suka kece mini. "Ban ce haka ba. Ni dai na san bai taɓa cewa in saɓa maka ba. Ranar da ka mayar da goron na ce masa ba zan ƙara cin abinci ba. Ka san abin da ya ce? Ya ce in ci, in kuma dinga gasa maka ƙafa da ruwan ɗumi safe da yamma, wai ya ga yadda kake dogara bango."

Baba ya dubi ƙafarsa. Kwana uku ke nan ina gasa masa ita, yana sa mini albarka, bai san daga inda abin ya fito ba.

"Wayo ne," ya ce a hankali. "Tashi ki ba ni wuri."

* * *

Kafin magariba farar Fijo ta tsaya a ƙofar butik. Abdulgani ya shigo da ƙamshin turarensa, ya zauna kusa da Baba kamar ɗan gida. Ba a jima ba Malam Aliou ya yi sallama, Hammadi na bayansa, ko rigar aiki bai cire ba. Ni da Inna muna ɗakin da ke manne da na Baba, katako ɗaya ne tsakaninmu, kuma na san inda yake da tsaga.

Hammadi ya durƙusa nesa da tabarma.

"Kai ka raba goro da sunana?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba."

"Na ba ka 'ya?"

"Ba ka ba ni ba."

"To me ka raba?"

"Sadaka." Ya dubi ƙasa. "Da aka dawo min da shi na ajiye a ɗaki. Kwana biyu duk na dube shi sai in ji zuciyata na ƙullatar ka, ni kuwa ba na son in kwana da wannan. Sayarwa ba zan iya ba. Barinsa kuma, damshin garin nan zai ruɓar da shi. Sai na ce bari in kai masallaci, duk wanda ya ci ya yi maka addu'ar samun sauƙi. Haka na gaya wa ladan."

Malam Aliou ya gyaɗa kai. "Haka ya faɗa, Alhaji, ina wurin. Amma sahun gaba kaɗai suka ji. Na baya goro suka gani da alewa."

"Har da alewar ka haɗa?" Baba ya tambaya.

"Tare suka dawo, Baba."

Inna ta dafe baki a kusa da ni. "Wayyo maraya," ta raɗa. "Sadakar ciwo ai da waina ake yi, ko gumba. Goro da alewa in suka haɗu magana ɗaya suke faɗa. Da yana da mace a gida da ta hana shi."

Abdulgani ya yi 'yar dariya. "Alhaji, kar ka bari ya yi maka daɗin baki. Tambaye shi inda ya koyo wannan sadakar. Patoronsa fa, maigidansa a garaji, Basine ne, mai addinin Buda. Kullum da safe sai ya naɗe ƙafa ya rufe ido a gaban ɗan gunki kafin a buɗe garaji. Wa ya san abin da aka tofa wa goron nan?"

Wannan maganar ta fi ta farko nauyi.

"Gaskiya ne?" in ji Baba.

"Gaskiya ne yana zama," Hammadi ya ce. "Ba ɗan Sin ba ne ma, daga Biyetnam Faransawa suka zo da shi, mutanenmu ne suka liƙa masa sunan. Ni ban taɓa zama tare da shi ba. Ina da sallata, shi ne ma yake tuna min in azahar ta yi. Na dai taɓa tambayarsa me yake yi in ya rufe ido. Ya ce fatan alheri yake yi. Ya fara da kansa, sai wanda yake so, sai wanda bai sani ba, ya ƙare da wanda ya ɓata masa rai."

"Ka ji ko," in ji Abdulgani.

"Na ce masa wannan ai da sauƙi, tunda ido a rufe yake. Ya yi dariya ya ce gaskiyata. Ya ce zaman shiri ne kawai. Inda abin yake shi ne in wanda ya zage ka jiya ya kawo motarsa yau, yaya za ka ɗaure masa birki." Hammadi ya ɗago kai. "Da ya faɗi haka, Baba, ba gunkinsa na tuna ba. Innata na tuna. In ta yi faɗa da maƙwabciya, ranar kwanon maƙwabciyar ake fara zuba wa tuwo. Ba ta taɓa naɗe ƙafa ba. Tsohon nan bai ba ni addini ba, abin gidanmu ya tuna min."

Malam Aliou ya ce, "Kuma babu abin da ya faɗa da malamanmu ba su faɗa ba, Alhaji."

"Ban tara ku wa'azi ba," Baba ya ce. "Sunana aka ɓata. Wa zai gyara?"

"Ni na ɓata, ni zan gyara," in ji Hammadi. "Gobe zan bi shagunan mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, daga nan har Oloumi. Zan gaya wa kowa da bakina cewa na nema an hana ni."

Malam Aliou ya kama hannunsa. "Yaro, ka san me kake faɗa? Namiji ya bi gari yana shelar an ƙi shi? Ba za ka ƙara ɗaga kai a garin nan ba."

"Gara nawa kan ya sunkuya, Baffa. Shi dattijo ne."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Je ka yi. In ka gama ka zo ka gaya min."

Da suka fito na riga su zuwa butik. Malam Aliou ya yi gaba kamar bai gan ni ba. Hammadi ya tsaya a bakin kanta, idonsa a ƙasa.

"Kar ka je," na ce ina kuka. "Ka bar shi haka. Mutane sun riga sun ɗauka an ba ka. In ka yi shiru kwana biyu, Baba zai haƙura."

"Zai haƙura, ko zai rasa yadda zai yi?"

"Ina ruwana da bambancin? Kai nake so, Hammadi."

"Ni ma ke nake so, Raliya, Allah ya sani. Amma in na same ki ta wannan hanyar, duk ranar da ya gan ni a gidan nan ƙaya zai gani a ƙafarsa. Ke kuma kina tsakiya. Ba zan yi miki haka ba."

"To in ka gama shelar, me ya rage mana?"

Ya dubi hannayensa, ya ce, "Ki ci gaba da gasa masa ƙafar."

* * *

Asabar ta waye da ruwa irin na Libreville, wanda ba ya tsawa ba ya iska, zuba kawai yake yi. Ina tsaye a butik na ga wucewar Hammadi da hantsi, da tsohuwar lema mai karyayyen ƙarfe. Ya fara da shagon mai nama da ke kallonmu. Na ga mai naman ya ajiye wuƙa yana saurare. Na juya baya don ba zan iya kallo ba.

Wajen ƙarfe goma mai naman ya tsallako da cinyar rago a takarda. Ya ce ya zo duba Alhaji, bai san ciwon ya kai haka ba.

Bayansa wani tela ɗan Zinder ya zo. Sai masu sayar da agogo su biyu. Sai wani tsoho ɗan Ngaundere da Baba ya yi shekara huɗu ba ya magana da shi saboda rikicin rumfa, ya shigo da man shafawa a kwalba, ya zauna ya ɗora ƙafar Baba a cinyarsa kamar ba a taɓa yin komai ba. Sati uku Baba na kwance, in ka cire Abdulgani, baƙinsa ba su fi biyar ba. Kowa na bin kwangila, ba mai lokacin kowa. Ranar sai da takalma suka cika bakin ƙofa har kan matakala.

Ina kai shayi ina jin abin da suke faɗa.

"Yaron nan ya zo wurina a jiƙe sharkaf."

"Me ya ce maka?" in ji Baba.

"Ya ce, na nemi 'yar Alhaji Maitama bai ba ni ba, kuma uba ya fi kowa sanin inda zai kai 'yarsa. Goron da kuka ci kuskurena ne. Amma addu'ar da na roƙa tana nan, ƙafarsa na ciwo, in kun samu hali ku leƙa shi."

Na gaba ma haka ya faɗa. Na bayansa ma haka. Baba ya dinga tambaya, kamar yana jiran wanda zai kawo wata kalma dabam, ko ta ƙorafi ko ta habaici. Ba a samu ba.

"Wasu samari sun yi masa dariya a bakin kasuwa," in ji telan. "Suna ce masa ango. Ya tsaya ya gaishe su, ya maimaita musu maganar daga farko."

Inna ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba.

Da la'asar Hammadi ya dawo. Baƙi sun ragu, saura Abdulgani da ya zo tun azahar yana ba da labarin sabon otal ɗin da yake kai wa siminti. Hammadi ya tsaya daga waje don kar ya jiƙa tabarma. Lemar ma babu.

"Na bi na Awendjé duka, Baba, da na Oloumi. Saura layin 'yan yadi, sun rufe saboda ruwa. Litinin zan je."

"Ango ka sha hanya," in ji Abdulgani. "Da ka faɗa min ai da na ba ka aron lasifika."

Baba bai yi dariya ba. Bai kuma ce wa Hammadi ya shigo ba.

"Na ji," ya ce. "Sauka lafiya."

Shi ke nan. Na jingina da katako. Ya zubar da girmansa a gari gaba ɗaya, abin da ya samu ke nan, sauka lafiya.

Abdulgani ma ya yi sallama ya fita da sauri yana kare hularsa. Muka ji ya murza mukulli. Motar ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Ruwan kwata ya taru a inda ya ajiye ta har rabin taya.

Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na leƙa ta tagar butik don in more kallo.

Hammadi ya riga ya kai bakin titi, yana ɗaga wa tasi hannu. Tasin ta tsaya. Ya waiwayo ya dubi Fijon. Na ga ya tsaya cak, na ga ya rufe ido ya haɗiye wani abu mai ɗaci, don ba dutse ba ne shi. Sai ya sallami tasin ya dawo.

"Buɗe min gaban," ya ce wa Abdulgani.

"Ban kira ka ba."

"Na sani. In ka ci gaba da murzawa batir zai mutu. Buɗe."

Ya shiga ruwan har ƙauri. Ya cire hularsa, ita kaɗai ce ta rage da ɗan bushewa a cikinta, ya dinga goge wayoyin da ita ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuya ya kare injin da bayansa. Abdulgani na zaune a ciki, ya kasa dubansa.

Ban san Baba ya taso ba sai da na ji numfashinsa a kaina. Ya dogara bango ya zo har butik, karo na farko a sati uku. Muka tsaya ni da shi muna kallo.

Motar ta tashi. Abdulgani ya zuge gilashi ya miƙo hannu da wani abu, Hammadi ya girgiza kai.

"In ka fita ruwan ka taka birki sau uku a hankali kafin ka yi gudu," ya ce. "Ya jiƙe, ba zai kama da wuri ba."

Abdulgani ya rufe gilashi. Ya ja mota. Daga inda muke muka ga jar fitilar baya ta kama sau uku.

"Uwata," in ji Baba. "Ya san ina kallo?"

"Ta ina zai sani, Baba? Sati uku ba ka fito ba."

Sai ya ɗaga murya. "Hammadi. Zo nan."

Ya shigo butik ruwa na zuba daga jikinsa, hular a dunƙule a hannu, ta yi baƙi ƙirin. Zai durƙusa Baba ya hana shi. Baba ya zauna a kan buhun shinkafa ya miƙe ƙafar.

"Jiya na ce wayo ne," ya ce. "Na yi kasuwa shekara talatin, na san mai wayo. Mai wayo in ya ga ba riba, tafiya yake yi." Ya numfasa. "Na ce ban san gidanku ba. Yau na ga kwanon tuwon mahaifiyarka. Allah ya jiƙanta."

Hammadi ya sunkuyar da kai.

"Goron nan, akwai saura?"

"Babu, Baba. Duk na rabar."

"Akwai," in ji Inna daga bakin labule. Ta kwance bakin zanenta. Wanda Hawaou ta kawo ne jiya, Inna ta naɗe shi a ɗanyen ganye ta ɓoye, har da alewar.

Baba ya dube ta. "Ƙulu, tun jiya kike ajiye da shi?"

"Goro ne mai kyau, Alhaji. Na ga bai kamata ya lalace ba."

Baba ya karɓa ya juya shi a tafin hannu. Ya yi bismilla ya ɓare. Ƙarar ɓarewar nan, har in mutu ba zan manta da ita ba. Ya kai ɓari ɗaya baki, ya miƙa wa Hammadi ɗayan.

"Ka turo min Malam Aliou gobe. 'Yan yadi kuma ka ƙyale su, tunda ba ka kai musu shelar hanin ba, su suka fi kowa sanin gaskiya yanzu."

Na durƙushe a wurin na kifa kaina a gwiwar Baba ina kuka, ina ta faɗin na gode, ban ma san wa nake yi wa godiyar ba. Ko Baba, ko Inna, ko wata baiwar Allah da ke kwance a Garwa wadda ban taɓa gani ba, ko wani tsoho a Oloumi da ko sunansa ban iya faɗa ba. Na dai san Allah ne ya jero mini su.

"Sauran shagunan fa, Baba?" Hammadi ya tambaya, muryarsa a dushe. "Na gaya musu an hana ni."

Baba ya tauna goronsa a hankali. Karo na farko tun ranar Talata na ga murmushi a fuskarsa.

"Ai ka san hanya," ya ce. "Litinin ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Uwata, ɗauko masa lemata."